Idan Injin Wanki Ya Kama Rawa

   

Yau kan injin wanki za mu yi magana, musamman wannan rawa da jijjiga da yake yi idan an zo matse kaya. Wata za ta ce, yanzu duk matsalolin da ke damun mata a rasa abin da za a tattauna sai inji? To, 'yar uwa, ki ba ni aron kunnenki, ki ji abin da idona ya gane mini.

Bara na je suna Roni, gidan wata ƙanwata 'yar ƙanin mahaifina. Kwana 2 kafin suna na isa don in kama mata aiki. Tun daga zaure nake jin ƙara kamar an tayar da injin niƙa. Ina shiga tsakar gida sai na ga injin wankin da aka yi mata a kayan ɗaki, irin mai baho 2 ɗin nan, yana ta tsalle a kan ƙasa. An ɗora wata yarinya 'yar shekara 7 a kansa wai ta danne shi kada ya gudu, tana ta dariya abinta. Murfin wajen matsewar kuwa babu shi, ya karye tun tuni. Da lokaci ya cika, sai na ga ƙanwar mijinta ta naɗe hannu da tsumma ta cusa cikin bahon yana juyawa don ta tsayar da shi. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Na ce da mai jegon, "Ke, tun yaushe kuke wannan ganganci?" Ta ce, "Yaya, ai mun saba. Da murfin ya karye ya daina tashi, shi ne wani mai gyara ya haɗe mana wayar, ya ɗaure wani abu a ciki, yanzu ko babu murfi yana yi."

Tun daga ranar na ƙuduri aniyar sai na kawo wannan magana nan. Injin nan kuɗi ne masu yawa, iyaye da dama sai sun sayar da dabba ko sun kwashi adashi kafin su sa shi a kayan 'yarsu. Kuma hannun mutum ya fi ƙarfin kowane kuɗi. Inji ba ya rawa haka kawai, akwai abin da yake faɗa miki, kuma mafi yawan lokaci ke da kanki za ki iya gyara abin ba tare da kin kashe ko sisi ba.

Bari mu fara da sanin abin da ke faruwa a ciki. Ƙaramin bahon nan mai huji-huji, wanda wasu ke kira diraya, ba zafi yake bayarwa ba, gudu ne kawai. A yawancin injinan nan masu baho 2 yakan juya wajen sau 1,300 a minti 1, wato sama da sau 20 a daƙiƙa 1. Gudun ne ke manna kaya a jikin bahon, ruwa ya fita ta hujin. Idan nauyin kayan ya rabu daidai ta kowane ɓangare, sai ki ji yana tafiya sumul. Amma idan gefe ɗaya ya fi nauyi, ko da da rabin kilo ne, a irin wannan gudu ƙarfin da yake fizgar bahon da shi ya kai nauyin buhun gero. Ki kwatanta a ranki, buhun gero ana wujijjiga shi sau 20 a daƙiƙa. Wace yarinya ce za ta danne wannan? Kuma duk sa'ad da gudun ya ninka, ƙarfin fizgar sau 4 yake ninkawa, shi ya sa za ki ga ya fara a hankali sannan ya rikice.

Wannan matsala ba yau ta fara ba. Injin wanki mai sarrafa kansa na farko da aka sayar don gidaje, wanda kamfanin Bendix ya fito da shi a Amurka a 1937, sai an ɗaure shi da ƙusoshi a daɓen ɗaki, in ba haka ba ya kama tafiya. Daga baya ne aka ƙirƙiro zaunar da bahon a kan sifirin domin ya shanye jijjigar. Don haka ɗan girgiza kaɗan a farkon tashi da kuma lokacin tsayawa ba komai ba ne. Wanda muke magana a kai shi ne duka da ƙarfi, da tsalle, da barin wurin da aka ajiye shi.

Abu na farko da za ki duba shi ne yadda kika zuba kayan, domin nan ne aka fi samun laifin. Da yawanmu daga bahon wanki muke kwaso kaya a dunƙule mu danna su haka nan. Ga zani mai yadi 2, ga dogon hijabi, ga zanin gado, duk sun sarƙe sun zama igiya guda. Ki daure ki warware su ɗaya bayan ɗaya. Masu nauyi, irin tawul da wandon jins na yara da manyan rigunan maigida, su ne a ƙasa, ki riƙa zagaya su kamar yadda kike naɗa gammo, kina dannawa da tafin hannu. Marasa nauyi su biyo baya a sama. Kada ki cika shi har baki, ki bar kamar faɗin tafin hannu. Ki sani kuma bahon matsewa bai kai na wanki ɗauka ba. Abin da kika wanke a zubi ɗaya, sau da yawa sai kin raba shi 2 wajen matsewa. In kin duba takardar da ta zo da injin, ko rubutun da ke bayansa, za ki ga kowanne da kilonsa.

Sai wannan faifan roba mai laushi da yake zuwa a cikin bahon. Na ga gidan da aka mai da shi murfin bokiti, na ga inda yara suka mai da shi sitiyarin mota. 'Yar uwa, ba ado ba ne. Bayan kin gama jera kaya, shi za ki danna a kansu ya kwanta daidai. Shi ke hana safa da ɗankwali da kayan jarirai tashi su faɗa tsakanin baho da bangon inji, inda za su toshe hanyar ruwa ko su naɗe a ƙarfen da ke juya bahon. Idan naki ya ɓata, ana sayar da shi wajen masu kayan gyara, ki auna faɗin bakin bahon kafin a tafi sayowa.

Ƙarancin kaya ma yana kawo rawa, ba yawansu kaɗai ba. Tawul guda ɗaya ko darduma guda ɗaya za ta kwanta a gefe ɗaya ne, babu abin da zai yi mata kishiya a ɗaya gefen. Ki haɗa ta da wasu kaya 2 ko 3. Shi kuwa babban bargon nan na amare mai nauyi, in ya sha ruwa sai mutum 2 ke ɗaga shi, ki haƙura da sa shi a ƙaramin inji. Ki rataya shi a igiya ko katanga ya tsane da kansa. Idan kin kunna kika ji ya fara dukan bango, kada ki tsaya kina jiran ya daidaita. Ki mayar da abin murɗawar kan sifili, ki jira ya tsaya cak, ki sake jera kayan. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abu na biyu shi ne wurin da kika ajiye shi. Gidajenmu da yawa tsakar gida ƙasa ce, ko kuma siminti ne da aka yi masa gangare don ruwa ya bi ta rariya. A Roni kuwa, da yake ƙasar duwatsu ce, wani gidan ma tudu da kwari ne. Inji yana so ƙafafunsa duka su taka ƙasa daidai. Ga gwaji mai sauƙi. Ki dafa kusurwa ɗaya ki danna, sannan ki danna wadda ke kallonta. In ya yi gwaf-gwaf kamar kujerar da ƙafarta ta gaza, to bai zauna ba. Ko kuma ki zuba ruwa a faranti ki ɗora a kansa, inda ruwan ya karkata nan ne ya fi ƙasa. Maganinsa a sami wuri mai daɓen siminti shimfiɗaɗɗe. In babu, a sa magini ya zuba ɗan dakali mai faɗi, ko a shimfiɗa katako mai kauri guda ɗaya wanda zai ɗauki injin gaba ɗaya. Ban da tara duwatsu ko kwali a ƙarƙashin ƙafa, domin yana fara motsi za su zame. A kan tayil mai santsi kuma, a shimfiɗa roba mai kauri. Manyan injina suna da ƙafafu masu murɗawa, a ɗaga ko a sauke har ya daidaita, sannan a ɗaure notin.

Abu na uku, ruwa. Injin mai baho 2 galibi ba shi da famfon da zai tura ruwa sama, gangarawa kawai ruwan yake yi. Saboda haka tiyon fitar ruwa dole ya kwanta a ƙasa lokacin matsewa. Na san dalilin da ya sa wasu ke ɗaga shi su sa a bokiti, ruwa tsada gare shi, wadda take saye a hannun 'yan garuwa ba za ta so ya zube a banza ba. Tattali abu ne mai kyau. Amma in bakin bokitin ya fi gindin injin tsawo, ruwan komawa yake yi ya taru, bahon ya riƙa juyawa a cikin ruwa, ya yi nauyi, kaya su fito a jiƙe, moto kuma ya wahala. In kina son tara ruwan, injin za ki ɗora a dakali, ki sa baho mai faɗi a ƙasa. Ki duba kuma ko tiyon ya lanƙwashe ko ya toshe. Kayan yaranmu da kayan gona cike suke da yashi, ki kakkaɓe su tukuna, ki lalube aljihu. Tsakuwa, ƙwallon dabino, ƙusa, makulli, fil ɗin hijabi, duk an sha ciro su a cikin inji. Haka nan yawan omo. Kumfa in ta cika tsakanin baho da bango riƙe shi take yi kamar birki. In kin ga kumfa na fitowa ta tiyo ba ƙaƙƙautawa, ki ƙara ɗauraye kayan kafin ki matse.

Abu na huɗu, wuta. An ƙera injinan nan ne don wuta mai ƙarfin bolt 220 zuwa 240. Idan aka kawo wuta kika ga ƙwan fitila ya yi ja, fanka tana juyawa da ƙyar, to ba lokacin wanki ba ne. Moto yana jan wuta mai yawa a daidai lokacin tashi, in bai samu ba sai ya tsaya yana gurnani, yana ɗaukar zafi, har kwayil ɗinsa ya ƙone. Na san halin da ake ciki, in an kawo wuta kowa rige-rige yake yi kafin a ɗauke, ga fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, ba kowa ke iya tayar da janareto don wanki ba. Duk da haka jinkirin yini ɗaya ya fi sayen sabon moto. Wadda take da hali ta sa sitabilaiza. Mai ƙaramin janareto ko sola, ta kashe firiji da dutsen guga kafin ta kunna inji, kuma kada ta haɗa wanki da matsewa a lokaci guda.

To, in kin duba waɗannan 4 abin bai daina ba fa? Sai ki cire kayan duka, ki rufe murfi, ki kunna shi babu komai a ciki, ki kasa kunne. Abin da kika ji shi za ki faɗa wa mai gyara, kuma shi zai hana a yi miki kwanta-kwanta.

In babu kaya ma yana dukan bango, to ƙila ɗaya daga cikin sifirin ɗin da moton ke zaune a kansu ya karye ko tsatsa ta cinye shi, ko kuma ƙarfen da ke riƙe bahon ya lanƙwashe. In yana gurnani amma ba ya juyawa alhali wutar da ƙarfinta, ki kashe nan take. Yawanci kafasita ce ta mutu, irin dai wadda ake canja wa fankar sama, kuma ba ta kai kuɗin moto ba ko kusa. Yana iya yiwuwa kuma birki ne ya riƙe, ko wani tsumma ya naɗe a ƙasa. In shiru kika ji gaba ɗaya, amma ɓangaren wanki yana yi, to a duba makunnin da ke jikin murfi, da abin murɗa lokaci, da wayoyi, domin ɓeraye na son shiga ƙarƙashin inji su gwigwiye waya. In ƙara kika ji kamar ana niƙa tsakuwa, boris ne ya ci. In kuwa kika ga ruwa yana ɗiga ta ƙarƙashin wajen matsewa, ki daina amfani da shi a ranar. Akwai wata roba a gindin bahon da ke hana ruwa sauka, moton kuma a ƙarƙashinta yake kai tsaye. In ta yage, ruwa a kansa yake zuba. Canjin roba ƙaramin aiki ne, amma in aka yi sakaci sai an canja moto.

Ga masu babban inji mai ƙofa a gaba, wanda yanzu ake yawan sa wa amare, akwai kuskure guda da ake ta maimaitawa. Sabo yana zuwa da manyan ƙusoshi 3 ko 4 a bayansa, waɗanda aka ɗaure bahon da su don kada ya lalace a hanya. Dole a kwance su kafin a fara amfani da shi. In ba a cire ba, ranar farko zai yi tsalle kamar ɗan akuya, a ce ai jabu aka sayo. Iyaye masu zuwa jere, don Allah a lura da wannan, kuma a adana ƙusoshin saboda ranar tashi. Irin wannan inji in ya ji kaya sun karkata yakan ƙi matsewa da kansa, ya yi ta juyawa a hankali yana neman daidaita su. Wannan ba lalacewa ba ce. Akwai kuma ɗan murfi a ƙasa ta gaba, inda matatar datti take, a riƙa buɗewa ana wankewa bayan an cire wuta an tara faranti.

Yanzu sai maganar da ta fi komai muhimmanci, wadda ta sa na ɗauko zancen. Murfin wajen matsewa yana haɗe da abu 2, makunnin da ke yanke wuta da birkin da ke tsayar da baho da zarar an ɗaga shi. Ki gwada naki yau. Ki kunna babu kaya, ki ɗaga murfin, hannunki a baya. In ya wuce daƙiƙa 10 zuwa 15 bai tsaya ba, birkin ya lalace, a gyara kafin a sake amfani da shi. Duk mai gyaran da ya ce zai haɗe miki waya ya yi aiki babu murfi, ki ce masa kin gode, a nemo wani. Bahon nan ko ya rage gudu, in zani ya naɗe yatsa yana iya karya shi ko ya tsinke shi, ya murɗe hannu har kafaɗa. Tsumman da ake naɗewa a hannu shi ne ma ya fi haɗari, domin shi zai fara kamawa. Ki kula da gefen mayafinki da hijabinki in kina tsaye a kansa. Kada a ɗora yaro, kada a bar yaro shi kaɗai da inji, kada kuma a bar ruwa a bahon wanki a tafi, domin yaro mai tatata yana iya leƙawa ya faɗa da ka.

Haka batun jan wuta. In kin taɓa ruwan ko jikin injin kika ji yana ɗan jan ki, kada ki ce ai kaɗan ne. A kira mai aikin wuta ya duba wayar ƙasa da soket. Ki sa silifas na roba busasshe, kada ki taɓa fulogi da jiƙaƙƙen hannu, kada jonin waya ya kwanta inda ruwa ke bi. Kafin ki sa hannu neman wani abu a ciki, ki zare fulogin daga bango. Buɗe bayan inji kuwa ki bar wa masu sana'ar, saboda kafasita tana riƙe wuta ko bayan an cire shi daga soket.

Idan ta kama sai an kai gyara, ɗaukar inji daga Roni ko Gwiwa zuwa Kazaure, balle Kano, kuɗin mota ne da wahala. Ki fara ɗaukar sautinsa ko bidiyonsa a waya, maigida ya tura wa mai gyaran, a haɗa da hoton lambar da ke bayansa. Sau da yawa zai gane abin da ya lalace ya zo da shi a hannu. A yi ciniki kafin ya kwance, kuma a ce ya bar muku tsohon abin da ya cire. In sabo ne, a duba takardar garanti tukuna kafin a bari kowa ya taɓa shi.

Kada kuma ki manta Allah ya hore mana rana. Da bazara ko hunturu, matsewar minti 1 zuwa 2 ta ishi atamfa da kayan yara, kafin ki gama shara sun bushe. Shadda da leshi ma ba sa son doguwar matsa, karyewa suke yi su ba mai guga wahala. Ki ajiye minti 4 ko 5 don tawul da kaya masu kauri, ko tsakiyar damina lokacin da kayan jariri ke kwana a igiya ba su bushe ba.

Ita ƙanwar tawa, a ranar muka janye injin zuwa kan simintin bakin banɗaki, muka raba zannuwan gadon gida 2, muka sauke tiyon ƙasa, sai ga shi yana juyawa lafiya lau, har surukarta ta leƙo tana tambaya ko an ɗauke wuta ne. Amma na ce ba za a sake kunna wajen matsewar ba sai an sa murfi. Na sami mijin nata na yi masa bayani, Allah ya saka masa da alheri bai yi musu ba, washegarin suna ya ɗauke shi zuwa Kazaure aka sa sabon murfi aka mayar da birkin yadda yake.

'Yar uwa, in kin tashi daga nan ki je ki gwada murfin naki, ki kuma faɗa wa maƙwabciyarki da duk yarinyar da ke taya ki wanki. Allah ya tsare mu da iyalanmu, ya sa albarka a abin da muka mallaka.